Muhawarar da aka yi ranar 16 ga Disamba, 2020: Jinkirin amincewa da allurar korona, kariya ne ko sakaci?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu tattauna, kuma ba zan ɓoye matsayina ba: duk hukumar da ta ga sakamakon allurar Pfizer da BioNTech ta ci gaba da jan ƙafa, alhakin waɗanda suka mutu a kwanakin jiran yana wuyanta. Birtaniya ta amince ranar 2 ga Disamba, ranar 8 ga wata aka yi wa Margaret Keenan, tsohuwa mai shekara 90, a Coventry. A Amurka an miƙa wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, takardu tun 20 ga Nuwamba, amma kwamitin masananta bai zauna ba sai 10 ga Disamba, a makon da aka fara rasa mutum sama da 3,000 a rana guda. Tarayyar Turai kuwa har yau ba ta sa hannu ba, alhali a birnin Mainz na Jamus aka ƙirƙiro allurar. Bajamushe na kallon maganin da aka haɗa a ƙasarsa ana yi wa wasu, shi an ce ya jira. Wannan wane irin aiki ne?

Maman Fadila:
Wa alaikumus salam. Malam, ni akasin damuwarka ce ke damuna. A watan Janairun bana aka fitar da bayanan ƙwayar cutar, ga shi shekara ba ta cika ba an ce allura ta samu. Ta ciwon hangum da ake cewa ita ta fi kowace sauri, shekara 4 ta ci. Kai kana cewa an yi nawa, ni ina cewa an yi gaggawa.

Malam Nura:
Ni aikin harhaɗa magunguna nake yi, don haka ku ba ni dama in ɗan tsawaita. Maman Fadila, bari in fara da ke. Abin da ke cinye shekaru a aikin allura yawanci jiran kuɗi ne da jiran masu cutar. Kamfani ba ya zuba dukiya a mataki na uku na gwaji sai ya ga na biyu ya yi kyau, ba ya gina masana'anta sai an amince. A bana gwamnatoci sun ɗauki asarar a wuyansu. Amurka ta yi alkawarin dala biliyan 1.95 don allura miliyan 100 tun a watan Yuli, kafin kowa ya san za ta yi aiki, shi ya sa aka riƙa sarrafawa ana gwaji a lokaci guda. Sannan gwajin allura ba ya ƙarewa sai an sami adadin waɗanda suka kamu. In cutar ba ta yawo, sai a shekara ana jira. Korona kuwa ta cika ko'ina. Mutum sama da 43,000 suka shiga gwajin, rabi aka yi musu allurar, rabi ruwan gishiri, ba wanda ya san abin da aka ba shi. Da aka sami mutum 170 da suka kamu aka buɗe lissafi: 162 daga masu ruwan gishiri ne, 8 kacal daga masu allurar. Daga nan kashi 95 cikin 100 ya fito. Ba a tsallake mataki ba.

Malam Habibu:
To ka ga ka ƙarfafa ni. 162 da 8. Wannan lissafi ai ko ɗan firamare zai gane shi. Me ake dubawa har kwana 20?

Malam Nura:
Wannan lissafin kamfani ne ya faɗa, Malam, kamfanin da zai sayar da kayan. FDA ba ta karɓar taƙaitaccen rahoto ta buga hatimi. Tana karɓar ɗanyen bayanin mahalarta, ma'aikatanta su sake lissafin da kansu. Wa aka cire daga ƙirga, kuma me ya sa? Tsofaffi fa, masu ciwon suga fa? Wanda ya mutu a lokacin gwaji, me ya kashe shi? Bayan wannan akwai ingancin sarrafawa, wato tabbatar da cewa abin da ke cikin kwalba ta miliyan ɗaya daidai yake da wanda aka gwada, ga shi allura ce da ke buƙatar sanyin da ya kai 70 ƙasa da sifili. Ka tuna abin da ya fito daga gwajin allurar kamfanin AstraZeneca ranar 23 ga Nuwamba: aka ce kashi 90 a wani rukuni, 62 a wani, daga baya ta bayyana cewa rabin awo da aka ba rukunin farko ba shi aka tsara tun asali ba, kuma babu wanda ya haura shekara 55 a cikinsu. Sanarwar manema labarai ba ta nuna wannan ba, sai da aka tona.

Hajiya Rabi:
'Ya'yana, na daɗe ina aikin jinya kafin in yi ritaya, kuma akwai abu biyu da ake koya wa duk mai riƙe sirinji. A 1955, ranar 12 ga Afrilu, aka sanar cewa allurar shan inna ta Jonas Salk ta yi aiki. Murna ta cika Amurka, a ranar aka ba kamfanoni lasisi. Ɗaya daga cikinsu, Cutter, ya fitar da allurar da ƙwayar cutar ba ta mutu a ciki ba. Yara kusan 40,000 suka kamu, kusan 200 suka shanye, 10 suka rasu. Allurar Salk ba ta da laifi, sarrafawar ce ba a sa wa ido ba. Na biyu, 1976, murar aladu. Soja ɗaya ya mutu a sansanin Fort Dix, gwamnatin Gerald Ford ta tsorata, aka yi wa mutum sama da miliyan 40 allura cikin 'yan makonni. Annobar ba ta zo ba, sai ga ɗaruruwa da wata cutar jijiya mai shanye gaɓoɓi da ake kira Guillain-Barré, aka dakatar da shirin a Disamba. Habibu, magani majiyyaci ake ba, ya riga ya shiga wahala, zai iya karɓar kasada. Rigakafi lafiyayye ake yi wa, miliyoyinsu. Illar da ke samun mutum ɗaya cikin 100,000 ba komai ba ce a ido, amma ka ninka ta da jama'ar duniya ka gani.

Malam Habibu:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, na ji. Amma a 1976 annobar ba ta zo ba. Yanzu ta zo, tana cikin gidajenmu. Surukina ya rasu a watan jiya, ko ganinsa ba a bari mun yi ba. Amurka ta haura mutum 300,000 shekaran jiya. Kuna ƙirga wanda allura za ta iya cutarwa, ba ku ƙirga wanda jira ya kashe, domin shi ba a rubuta sunan hukuma a takardar mutuwarsa. Ma'aikacin da ya sa hannu aka sami matsala, za a kira shi gaban majalisa. Wanda ya jinkirta, ba mai tambayarsa. Shi ya sa kullum suke karkata ga jinkiri.

Hajiya Rabi:
Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, ban musa ba.

Bashir:
Allah ya gafarta masa, Yaya Habibu. Amma ina da tambaya. Da FDA ta amince ranar 21 ga Nuwamba, allura nawa ke ƙasa? Kashin farko da aka raba a Amurka miliyan 2.9 ne, a ƙasa mai mutum miliyan 330. Birtaniya da ta riga kowa, 800,000 ta fara samu. Pfizer da kansa ya rage abin da zai iya sarrafawa a bana daga miliyan 100 zuwa 50. Kuma sau biyu ake yi, tsakani kwana 21. Sa hannu ba ya ƙara kwalba ko ɗaya.

Malam Habibu:
Bashir, miliyan 2.9 ɗin nan in an yi wa tsofaffin da ke gidajen kula da su mako uku kafin yanzu, rayuka ne. Kada mu raina su don ba su kai miliyan 330 ba.

Maman Fadila:
Ni dai abin da ya ƙara tsorata ni shi ne yadda 'yan siyasa suka shiga ciki. Ranar 11 ga Disamba da safe Trump ya fito ya kira FDA tsohon kunkuru mai nawa, aka kuma ruwaito cewa fadarsa ta ce wa shugaban hukumar, Stephen Hahn, ko ya amince a ranar ko ya ajiye aiki. Da dare sai ga amincewa. A Turai ministan lafiyar Jamus, Jens Spahn, ya matsa, jiya sai EMA, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai da ke Amsterdam, ta dawo da zamanta daga 29 ga Disamba zuwa 21. Ta yaya zan san ilimi ne ya yanke hukunci ba tsawa ba?

Malam Nura:
Wannan ita ce ɓarnar da matsin lamba ke yi, kuma ita nake so Malam Habibu ya duba. Kwamitin masana ya riga ya kaɗa ƙuri'a ranar 10 ga wata, 17 suka yarda, 4 suka ƙi, ɗaya ya ƙaurace, an kuma watsa zaman kai tsaye kowa na gani. Amincewa na tafe ko da ba a yi tsawa ba. Abin da tsawar ta ƙara kawai shi ne shakkar da Maman Fadila ke ciki yanzu. Kuma hukumar nan ta nuna tana iya tsayawa: a Oktoba ta kafe sai an bi rabin mahalarta gwaji na wata 2 bayan allura ta biyu, domin yawancin illolin rigakafi a makonni shida na farko suke bayyana, duk da fadar shugaban ƙasa ba ta so, tana neman allura kafin zaɓen 3 ga Nuwamba. Ku kwatanta da Rasha. Ranar 11 ga Agusta Putin ya sanar da rajistar allurarsu Sputnik V kafin a fara mataki na uku, da gwajin mutum 76. Ta yiwu allurar mai kyau ce, amma an sa masana a ko'ina suna ɗari-ɗari da ita. Allurar da mutane suka ƙi miƙa wa hannu, ko an amince da ita tun bara ba ta kare kowa.

Bashir:
To Birtaniya fa, Malam Nura? Gaggawa ta yi ko ƙwazo?

Malam Nura:
Ta riƙa karɓar bayanai kashi-kashi tun Oktoba, kuma izinin wucin gadi ta bayar na gaggawa. EMA ma ta yi bitar kashi-kashin, amma lasisin da take shirin bayarwa zai hau kan ƙasashe 27, sharuɗɗansa sun fi nauyi. Anthony Fauci, babban masanin cututtuka masu yaɗuwa na Amurka, ya soki Birtaniya da cewa ta yi sauri, ya dawo ya ba da haƙuri. Abin lura shi ne, a ranar farko ma'aikatan lafiya biyu sun sami borin jini mai tsanani bayan allurar, washegari hukumar magunguna ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi ga masu irin wannan tarihi. Dukansu sun warke. Sa ido bayan amincewa shi ma rabin aikin ne.

Maman Fadila:
Masu ciki fa? Yara fa? Wata nawa kariyar za ta yi? Wanda aka yi wa zai iya yaɗa cutar?

Malam Nura:
Gwajin bai amsa waɗannan ba tukuna, kuma hukumomin sun faɗi haka a fili. Shi ya sa Amurka ta tsaya a 'yan shekara 16 zuwa sama.

Hajiya Rabi:
Ni in layi ya zo kaina zan miƙa hannu, domin a shekaruna cutar ta fi allurar haɗari nesa ba kusa ba. Amma zan miƙa ne saboda na san an bincika.

Malam Habibu:
Ban ce kada a bincika ba, Hajiya. Cewa na yi kwana 20 tsakanin karɓar takarda da zaman kwamiti ya yi yawa a lokacin da ake binne dubbai kullum. In EMA za ta iya rage kwana 8 cikin dare ɗaya ba tare da ta tsallake komai ba, kamar yadda ta ce, to tun farko me ya sa aka sa 29? Kuma me ya sa masanan Landan da na Amsterdam da na Washington kowa zai zauna shi kaɗai ya sake bin takardun gwaji guda, maimakon su raba aikin? Malam Nura, wannan nake so ka amsa min.

Malam Nura:
Ta farkon, EMA ta ce ƙarin bayanan da ta nema daga kamfanin ne suka iso, shi ya ba ta damar matso da ranar. Ta biyun kuwa ina tare da kai rabi. Duba masana'anta da ingancin sarrafawa ana iya raba su, a kuma yarda da aikin juna. Amma lissafin amfani da illa, na fi son idanu uku su gani daban-daban, domin abin da ya kuɓuce wa ɗaya sai ɗaya ya kama. Allurar kamfanin Moderna na gaban kwamitin FDA gobe, 17 ga wata, an kuma riga an wallafa bitar ma'aikatan hukumar. Ka buɗe ta ka duba sashen illoli, sai ka faɗa mana wane shafi ne kake ganin da an tsallake.