Keken guragu na sadaka: wanda ya yi amfani da wanda ya ƙare a zaure

Mai gyaran agogo, Wunti: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shan inna ta kama ni ina ɗan shekara 3, kuma na daɗe ina rarrafe da silifa a tafin hannu kafin in sami keke mai ƙafa uku, irin wanda ake murzawa da hannu, daga cibiyar Beautiful Gate ta Jos, wadda Ayuba Gufwan ya kafa, shi ma kuwa shan inna ce ta kwantar da ƙafafunsa. Kiristoci ne ke tafiyar da ita, amma ranar rabo ba wanda ya tambayi addinina. Da kayan keken hawa aka haɗa shi, saboda haka duk ranar da sarƙa ta tsinke ko taya ta sace, mai gyaran keke na bakin kasuwa ya ishe ni.

Wata uwa, Azare: Malam, kai ka dace. Mu wata ƙungiya ce ta kawo kekuna daga ƙasar waje cikin azumi, aka tara mu, aka ɗauki hotuna, aka miƙa wa 'yata mai shekara 9 keken manya ba tare da an auna ta ba. Ƙafafunta ba su kai matakin ba, kullum tana zamewa gefe, sai da na tokare ta da matashi biyu da tsohon zani. Ƙananan tayoyin gaba kuma nutsewa suke yi cikin yashi, kuma kafin damina ta zo ɗaya daga cikinsu ta karye. Mai walda ya jujjuya ta ya ce ko a Kano bai san inda za a samo irinta ba. Na gode musu, Allah ya sani, amma yanzu keken yana zaure, kaji ke kwana a kansa.

Ma'aikacin gashin ƙashi, Bauchi: Hajiya, abin da kika faɗa shi nake gani a wurin aiki. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa a duba mutum, a daidaita masa keken, a koya masa sarrafa shi, sannan a riƙa bibiyarsa. Wanda ya ji rauni a laka sau da yawa ba ya jin zafin zama, don haka idan babu katifar zama mai kyau, gyambo na iya fito masa a ɗuwawu bai sani ba, har ya kai shi gadon asibiti.

Ɗan agajin masallaci, Yelwa: Mu ma mun taɓa yin wannan kuskuren, ba zan ɓoye ba. Yanzu sai mun bi ta hannun sarkin guragu, mun je gida da tef ɗin tela, mun duba faɗin ƙofa da hanyar makaranta. Hajiya, idan kin amince, a auna mana faɗin ƙugun yarinyar da tsawonta daga gwiwa zuwa diddige kafin Juma'a.