Me za mu kira "epigenetics" da Hausa?

Mai fassara: Malamai, ina neman kalmar Hausa ta "epigenetics", fannin da ke nazarin alamomin da ke kunna ƙwayoyin gado ko su sa su shiru. Tagwayen ƙwai ɗaya ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, amma wani kan riga wani tsufa, kuma fannin na neman bayyana dalili. Conrad Waddington ne ya ƙirƙiri sunan fannin a 1942. An ba ni "saman gado", tunda farkon kalmar, "epi", na nufin "a bisa", sai dai mai karatu zai ɗauka gadon kwanciya ake nufi.

Malamin kimiyya: Malam, mu fara duba aikin. Haruffan DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, huɗu ne, kuma ba sa canzawa a nan. Wani ɗan ƙunshi ne, metil, kabon 1 da haidurojin 3, ke manne wa harafin C idan G na biye da shi. In ya taru a bakin ƙwayar gado, yawanci sai ta yi shiru. Duk lokacin da tantani, wato ƙwayar halittar jiki, ya rabu, sinadarin DNMT1 ne ke kwafe alamomin metil ɗin, kuma yakan yi tsallake. Kuskuren kan taru da shekaru, shan taba da irin cimar mutum su ƙara nasu. A 2005 tawagar Manel Esteller a Sifaniya ta gwada waɗannan alamomi a jikin tagwaye mutum 80: 'yan shekara 3 kusan babu bambanci, 'yan shekara 50 kuwa sun yi nisa da juna.

Don haka nake ba da shawarar "wasalin gado". Babbaƙu suna nan yadda suke, wasali ne ke sauya karatu.

Likita: Ni "hatimin gado" na so kawowa, amma na janye, domin hatimi ba ya gogewa, waɗannan alamomi kuwa ana sa su ana cirewa. Wasalin ya zauna, metil ma tamkar ɗauri yake, harafi na nan amma ba ya motsi. Gargaɗi ɗaya, Malam: kada a jingina masa komai. Akwai canjin harafi na gaske da ke faruwa a jiki bayan ƙwan ya rabu, wannan ba wasali ba ne.

Malamin kimiyya: Gaskiya ne, Dakta. Kuma kalmar tana haihuwa. Ma'aunin Steve Horvath na 2013, mai ƙiyasta shekarun mutum daga alamomin metil a gurabe 353 na DNA, ya zama "agogon wasali". Bambancin da ke taruwa da tsufa kuwa "zamewar wasali".

Mai fassara: Na karɓa. A ambaton farko zan rubuta "wasalin ƙwayar gado", don kada gadon kwanciya ya sake shigowa.