Wai me ya samu haɗuwar masu tara katin 'yan ƙwallo a Kano?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Ni kaɗai nake ganin haɗuwar nan tamu ta masu tara kati da sitikar 'yan ƙwallo ta lalace? A da kowa da albam ɗinsa yake zuwa, da ledar waɗanda suka maimaitu, a baje a tabarma a yi ta musaya, ba mai zancen kuɗi sai in abu ya yi wuya. Yanzu rabin teburan jesi ne da rigar waya, sauran kuma katin Messi da Ronaldo masu ƙyalli da aka bugo jiya. Na daɗe ina neman sitikar Rashidi Yekini ta albam ɗin Panini na 1994, shekarar da ya ci mana ƙwallonmu ta farko a gasar duniya a ragar Bulgeriya. Wani yaro ya miƙo min ita fes, ko alamar tsufa babu, ya kuma yanka min kuɗi ko kunya. Ina masu kayan asali suka shige?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Malam, ina cikin masu teburin jesin da kake faɗa, don haka bari in kare kaina. Panini kamfanin Italiya ne, da kuɗin waje ake sayen kayansa. Kafin watan Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Albam ɗin Katar 2022 sitika 670 yake ci, biyar-biyar a fakiti, wato fakiti 134 ke nan ko da ba wadda ta maimaitu, kuma sai ta maimaitu. Wane uba ne zai saya wa yaro wannan? Ga shi Ghana ta fitar da mu a Abuja, babu Super Eagles a ciki, yara ba su ma tambaya ba. Mai kaya mai kyau kuwa tun daren jajibere ya sayar a WhatsApp, ragowar yake kawowa. Jesin nan shi yake biyan kuɗin hayar wurin.

Kawu na Ƙofar Mata:
Ku yaran nan duk hankalinku yana kan abin da Turawa suka buga. Raccah Rovers ta nan Kano ta ɗauki kofin gasar lig ta ƙasa a 1978, wa ya taɓa kawo hotonta wurin nan? Pillars ta ɗauka a 2008, ta jera uku daga 2012 zuwa 2014, Ahmed Musa ma a nan ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya fita waje. Ni dai ban taɓa ganin katin ko ɗaya daga cikinsu ba, sai kalanda da hotunan masu kyamara na bakin fili. Ina da tikitin shiga filin Sani Abacha na Najeriya 99, wato gasar duniya ta matasa ta 1999, da na kofin Afirka na 2000. Na kawo su, wani ya ɗaga ya ce wai wannan ba kati ba ne. Tun ranar na daina zuwa. Irin waɗannan suna nan jibge a akwatunan tsofaffi cikin gari, gara da laimar damina suna cinye su.

Auta:
Yaya Ɗan Fagge, juya bayan sitikar Yekinin za ka yi. Ta asali akwai lamba da tambarin kamfani, takardar bayan kuma ta ɗan yi ja saboda shekaru. Masu bugawa a shago gaba suke gyarawa, bayan fari fat. Ni shawarata a raba wurin, masu sayarwa gefe, masu musaya gefe, wanda aka kama da jabu a naɗe masa tebur.

Ɗan Fagge:
Baban Khalifa, zancen dala gaskiya ne, amma ba dala ce ta sa ake sayar da bugun shago da sunan na asali ba. Kawu, don Allah ka dawo da tikitin nan wata mai zuwa, ni zan biya kuɗin teburinka.

Baban Khalifa:
In za a raba wurin kamar yadda Auta ya ce, to masu musaya su ma su riƙa sa hannu a kuɗin haya.