Ƙarfe ne ke kawo basir, ko cushewar ciki?

Auta: Jama'a, jiya na ɗaga kilo 140 daga ƙasa, yau da safe na ga jini ja wur a bayan gida. Kawu ya ce ƙarfe ne ya sa mini basir. Haka ne?

Kawu: Ai ba sai na faɗa ba. Mutum ya sunkuya ya sungumi abin da ya fi buhun masara nauyi, idanu kamar za su zazzago, ina kake so jijiya ta je?

Koci: Kawu, da girmanka, shekara 12 ina ɗaga ƙarfe, ko ƙaiƙayi ban taɓa ji ba. Ka tambayi yaron nan cimarsa: burodi, ƙwai, garin furotin, ba ganye, ruwa sai ya tuna. Sannan ya shiga banɗaki da waya ya share rabin awa.

Auta: Koci, tonon silili kuma?

Anti Nas: Ku tsaya. Kowa an haife shi da wasu matasai na jijiyoyin jini a bakin dubura, su ke taimakawa wajen riƙe iska da bahaya. Sai sun kumbura ko sun zazzago ake cewa basir. Abin da ya fi kumbura su shi ne yunƙuri: taurin bahaya, daɗewa a masai, juna biyu. To mai ɗaga ƙarfe in ya ja numfashi ya toshe maƙogwaro ya matse ciki, yunƙurin ke nan dai, riga kawai ya canza. Likitoci na kiransa da sunan Valsalva, wani likitan Italiya. A 1985 an auna masu tura ƙarfe da ƙafa a Kanada, awon hawan jinin wani ya haura har 480/350 na 'yan daƙiƙoƙi.

Kawu: To kun ji! Maganata ta fito.

Anti Nas: Rabinta, Kawu. Ƙarfe na iya tayar da wanda ke kwance, amma na Auta na fi zargin cikinsa.

Koci: Amma Anti, in ba a riƙe numfashi ba baya ne zai tafi. Shi ya sa ma muke ɗaura bel.

Anti Nas: Bel ɗin ƙara matsin ciki yake yi, bai kare dubura da komai ba. Auta, ka rage nauyi, ka riƙa fitar da numfashi lokacin ɗagawa har wurin ya lafa. Wake, zogale, miyar kuɓewa, ruwa da yawa. Kuma ka je a duba ka, ba kowane jini ne basir ba: akwai tsagewar dubura, akwai ciwon dajin hanji.

Kawu: Ni dai akwai mai magani a tasha, kwalba ɗaya...

Koci: Mai lasifikar nan da ke cewa ciwon baya basir, kasala basir, har rashin kuzarin maigida basir?

Kawu: Ku dai 'yan boko.

Auta: Anti, gobe kina asibiti da safe?