Shawarwarin masu sana'a kan haƙar gwajin tungsten

A wata tattaunawa da masu sana'ar haƙar ma'adinai suka yi kan neman tungsten, wani ƙarfe mai nauyi da tauri, abin da aka fi nanatawa shi ne a zana taswirar duwatsun wurin kafin a kafa injin haƙa. Tungsten yakan zauna a jijiyoyin farin dutse kusa da giranit, don haka a huda rami a karkace ya ratsa jijiyar. Wannan ta fi kama hankalina, domin ramin da ya bi tsawon jijiya yakan sa mutum ya zaci arziki ya samu alhali siririya ce. A haska samfurin dutsen da aka ciro daga ramin da fitilar ultrabayolet cikin duhu don bambance ma'adinai biyu masu ɗauke da tungsten: shilayit yana ƙyallin shuɗi, wulframayit kuwa baƙi ne mai nauyi, ba ya ƙyalli. A tsaga samfurin biyu, rabi awo, rabi ajiya. An kuma ja kunne a toshe ramuka saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa.