In hana yara kyautar Kirsimeti bana ko in bari? Ku ba ni shawara

Uwar Biyu: Salama gare ku 'yan'uwa. Yarana biyu, namiji ɗan shekara takwas da mace 'yar biyar. Ba sa fashin makarantar Lahadi, kuma kullum muna addu'ar dare tare, don haka ba nan gizo ke saƙa ba. Na tambayi ƙaramar ko me ake yi ranar Kirsimeti, ta ce ranar da Baba Kirsimeti yake kawo kaya ce. Yayanta ya yi mata dariya, ya ce ai Babanmu ne yake saya, shi har ya gama rubuta abin da yake so. Cikin su biyun ba wanda ya ambaci sunan Yesu. Na ce wa maigida bana kada a saya musu komai, mu kai su su miƙa wa mabukata kuɗin da hannunsu. Ya ce zan sa su tsani ranar. Ba rashin kuɗi ba ne, mun riga mun ware. Akwai wanda ya taɓa gwada hana kyauta? Yaya ta kaya?

Kakar Yara: 'Yata, ki riƙa tura su makarantar Lahadi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kuma babu kuɗin kada ki ci bashi, Allah ya san halin da kike ciki.

Uwar Biyu: Na gode Mama, amma na faɗa a sama cewa suna zuwa, kuɗin ma yana nan.

Malamin Lahadi: 'Yar'uwa, abin da na lura shi ne muna juye wa yara labarin gaba ɗaya a safiya guda, lokacin da hankalinsu yana kan kwali. Ni ina rarraba shi a Lahadi huɗun da ke zuwa kafin Kirsimeti. Lahadin farko Jibra'ilu da Maryamu, Luka sura 1. Na biyu mafarkin Yusufu da sunan nan Immanuwel, wato Allah yana tare da mu, Matiyu sura 1. Sai ƙidayar Kaisar Augustas da tafiya Baitalami, sai makiyaya. 'Yar shekara biyar ba za ta gane "Kalman ya zama mutum" ba, amma ki ce mata an kwantar da jariri a komin dabbobi don ba su sami ɗaki a masauki ba, za ki ga ta ɓata fuska tana tambayar me ya sa. Daga wannan tambayar ake shiga. Babban kuwa ki nuna masa Luka 2:24, inda iyayen Yesu suka kai kurciyoyi biyu Haikali. Littafin Firistoci 12:8 ya nuna hadayar wanda ba shi da halin ɗan rago ce. Ɗan takwas zai iya gane cewa Allah gidan talaka ya zaɓa.

Ɗan Dattijo: Kada ki yi. Ni a gidan da aka gwada na tashi. Mahaifinmu dattijon ikilisiya ne, mutum mai tsoron Allah, ba na musu. A wurinsa kyautar Kirsimeti son duniya ce. Da asuba zai tashe mu, a jera mu a kan benci, mu karanta Matiyu tun daga asalin zuriya, wane ya haifi wane, kuma duk wanda ya tuntuɓe a kan Zarubabel sai ya koma farko. Wata shekara gwaggonmu ta ɓoye mana 'yar motar wasa ja, ni da ƙanena. Ko awa ba mu yi da ita ba ya gani. Bai dake mu ba, da ma dukan ya yi. Ɗora ta ya yi a saman kabad inda muke hango tayarta ɗaya, ta zauna a nan har ƙura ta rufe ta. Ƙanena yau ba ya taka ƙofar coci, in ya ji waƙar Kirsimeti kashe rediyo yake yi. Ni na tsaya cikin bangaskiya, amma sai da na haifi nawa kafin na san ana iya murna a ranar. Mala'ikan nan ya ce wa makiyaya albishir na farin ciki mai yawa ya kawo. Mu a gidanmu tsoron kawai muka samu.

Maman Auta: Wayyo, Allah ya warkar da zuciyarka ɗan'uwa. Baba yana da rai? Kun taɓa yin maganar?

Ɗan Dattijo: Ya rasu. Abin da ya fi ci mini rai, da tsufa ya zo shi ne mai saya wa jikoki alewa da balan-balan. Na tuna masa da motar, ya ce shi bai san wannan zance ba.

Dattijon Arewa da Coci: Ɗana, a yi hattara da tona asirin mahaifi a bainar jama'a. Ba don wancan bencin ba, da ka san Zarubabel?

Ɗan Dattijo: Baba, na san Zarubabel, na rasa ƙanena. Ka auna.

Uwar Biyu: Labarinka ya girgiza ni. Amma ni ba horo nake nufi ba, so nake su ɗanɗana bayarwa. Ayyukan Manzanni 20:35 fa, inda aka ce bayarwa ta fi karɓa albarka?

Mai Tone-tone: Duk kun bar tushe. Ina aka rubuta 25 ga Disamba a Littafi Mai Tsarki? Babu. Markus da Yohanna ko labarin haihuwar ba su kawo ba. Shaidar farko ta bikin a wannan rana daga Roma take, shekara ta 336. Har yau Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar 7 ga Janairu suke yi, Armeniyawa 6 ga Janairu. Matiyu ma bai ce masana taurarin nan da suka kai wa jariri Yesu kyauta su uku ba ne, kyautar ce iri uku, zinariya da lubban da mur, kuma gida suka shiga, ba garke ba. A fara gyara wannan kafin a zo kan kyauta.

Malamin Lahadi: Duk gaskiya ne, amma baiwar Allah ba ta tambayi ranar haihuwa ba. Tun da ka taɓo tarihi, shi Baba Kirsimetin ma asalinsa Nikolas ne, bishop na Mira a ƙarni na 4, a ƙasar da take Turkiyya yanzu, wanda aka san shi da taimakon matalauta a ɓoye. Ana tunawa da shi 6 ga Disamba. Ba sai kin ce wa yarinya ƙarya ne kawai ba, ki gaya mata mutumin bawan Yesu ne, don Yesu yake bayarwa.

Maman Auta: Mai Tone-tone, 'ya'ya nawa gare ka?

Mai Tone-tone: Sai na yi aure kafin in iya karatu?

Maman Auta: Karatu daban, yaro yana birgima a ƙasa ranar Kirsimeti daban. Wanda bai taɓa lallashi ba ya bari masu goyo su yi magana.

Kakar Yara: In haihuwa ce ma'auni ai duk na fi ku, amma ba wanda ya kula ni.

Baban Uku: Ni mafitata littafin labarin haihuwar Yesu mai hotuna. Kyauta ce kuma koyarwa ce. Sai dai tsada, wanda na saya ya kusa kuɗin takalmin makaranta.

Maman Auta: An cuce ka. Nawa ko kuɗin katin waya bai kai ba.

Baban Uku: Mai bangon kwali nake nufi, ba 'yar takardar da yaro zai yaga kafin azahar ba.

Malamin Lahadi: Mu kyauta muke rabawa, iyaye ne ba sa zuwa karɓa.

Tuzurun Mawaƙa: Uwar Biyu, in kin rasa mabukacin da za a kai wa kuɗin, ga ni, ni ma ɗan wani ne. Maganar sanin labari kuwa ba wanda ya kai ni, don duk yarintata tunkiya nake fitowa a wasan kwaikwayon Kirsimeti. Daga ƙasa na kalli komai, da rarrafe.

Maman Auta: Kai ka ɗauke shi wasa, ni abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. 'Yata ta haddace duk maganar Maryamu, har waƙarta ta Luka sura 1, a gaban madubi take yi da mayafina a kanta. Ranar rabon matsayi aka ba ta itace. Itace! Ta tsaya riƙe da reshe tun daga farko har ƙarshe. Maryamu kuwa kullum 'yar masu zama a kujerar gaba ce, ko da takarda za ta riƙa dubawa. Sannan a tsaya a yi mana wa'azi cewa makiyaya aka fara yi wa albishir.

Baban Uku: Nawa Hirudus aka ba shi, ya dawo gida yana kuka wai abokansa sun ce shi ne mai kashe jarirai. Ga kuɗin kayan wasa da ake yanka wa iyaye, rawanin kwali ne amma sai ka rantse na zinariya ne.

Malamin Lahadi: Ku yi mana adalci. Maryamu ɗaya ce, 'yan mata cike da aji. Wadda ta fi zuwa gwaji ita muke ɗauka. Ku iyaye kuna kawo yaro ana saura kwana biyu ku ce a ba shi Yusufu.

Maman Auta: Malam, 'yata ba ta taɓa fashin gwaji ba, ni nake kai ta. A riƙa jefa ƙuri'a mana, ai a Ayyukan Manzanni ma an yi.

Uwar Biyu: Jama'a, ni fa har yanzu ban ji daga wanda ya gwada kai yara su bayar da hannunsu ba. Maigida yana jira in ba shi amsa kafin Asabar.

Dattijon Arewa da Coci: Maman Auta, ƙuri'ar da kike faɗa manzo aka zaɓa da ita, ba 'yar wasa ba. Ki kawo ƙorafinki gaban dattawa a rubuce.

Maman Auta: Baba, jikar wa ta fito Maryamu bara?