Rangeland da Hausa: makiyaya, hurumi ko dajin kiwo?

1/ Masu fassara da 'yan jarida, ku matso mu yi shawara. A Amurka, cibiyoyin binciken kiwo kan ɗebi ɗalibai aiki na 'yan watanni a lokacin dogon hutu, wajen Mayu zuwa Agusta. Filin da suke aikin a kansa shi Bature ke kira rangeland. Mu me za mu ce masa?

2/ Bari mu ga aikin tukuna kafin a raɗa suna. A irin tashar bincike ta Jornada da ke jihar New Mexico, wadda aka kafa a 1912, ɗalibi zai yi sammako ya ja igiyar awo a fili, ya bi ta yana rubuta kowace irin ciyawa da ta ratsa. Sai ya ajiye ɗan firam mai kusurwa huɗu a ƙasa, ya yanke ciyawar da ke ciki da almakashi, ya ɗura a jakar takarda, a busar, a ɗora a sikeli. Da irin wannan awo ake lissafin shanu nawa filin zai ɗauka bai lalace ba. Kuma ciyawar nan ba wanda ya shuka ta, fitowar Allah ce. Duk sunan da bai riƙe wannan ba, bai yi ba.

3/ Da yawa za su ce makiyaya. Hausa ce tsantsa, ba gardama. To amma Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa shawarar Mongoliya, ta ware 2026 don waɗannan filaye da masu kiwo a cikinsu. Sai mu buga "shekarar makiyaya da makiyaya"? A baki karin sauti ya raba wurin da mutanen, a rubuce kuwa sai mai karatu ya ɗauka kuskuren bugu ne.

4/ Hurumi wuri ne da hukuma ta keɓe ta yi masa iyaka, irin na dokar 1965 ta Jihar Arewa. Burtali hanya ce. Filin kiwo ya yi faɗi, don har gonar da aka shuka gamba aka zagaye da waya ta shiga.

5/ Ni dai dajin kiwo na zaɓa. Na san za a ce daji ai bishiyoyi ne. A'a, Malam. Wurin Bahaushe, inda gonaki suka ƙare nan daji ya fara. Arewacin Nijar, bayan layin da dokar 1961 ta shata wa noma, ƙarangiya ce da 'yan ƙayoyi jefi-jefi, amma makiyayi cewa yake ya shiga daji. Abin da ya fi damuna shi ne yau da an ce daji sai hankali ya tafi kan 'yan bindiga. Haɗa shi da kiwo yana rage wannan.

6/ Saura sunan ɗalibin. An ba ni shawarar ɗan cin rani. Akwai daɗin faɗa, sai dai rani bai zauna ba: a Shika kusa da Zariya, inda ake binciken dabbobi, ƙarshen damina ciyawa ke cika, lokacin ne awon ke da amfani. Muna da sanin makamar aiki, kowa ya gane shi. A rubuta: ɗaliban sanin makamar aiki a binciken dajin kiwo.

7/ 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, yaya gidajen rediyonku ke faɗa? In akwai wadda ta riga ta kama bakin mutane, ita za mu bi.